Jajen Rijiyarmu

Na iske kakata Inna a bakin rijiyarmu ta Nahuce tana shinshinar guga. Tun da tankar mai ta kife a gefen titi, ruwan wari yake yi. Mahaifinta ya gina rijiyar, tun jirgin ƙasa bai iso Gusau ba.

Na ce, "Inna, direba ya ce ramukan titi ne. Alhaji mai motar ya ce ƙaddara ce."

Ta zubar da ruwan. "Ai jiya mazan gari suka tahi yi mai jajen man da ya zube. Mu ko sannu."

Awaki ma sun ƙi sha.

Jama'a, in kowa ya wanke hannunsa, wa zai gina mana wata?