Farar Shamuwa Mai Zobe a Ƙafa

Mahaifina yana da wata ɗabi'a da mutanen Toranke suka daɗe da sabawa da ita. Duk bazara, ranar da shamuwa ta fara sauka a tsamiyar ƙofar gidanmu, sai ya ɗauko tawada da alƙalami ya rubuta ranar da watan da ajami a bangon zaure, inda aka shafe da farar ƙasa. Haka yake yi ranar da ya daina ganin tsattsewa, haka ranar ruwan farko. In an tambaye shi amfanin abin, sai ya ce mutum ya kamata ya san baƙinsa.

Zamanin Turawa ne, gyaɗa tana tashe. Ban daɗe da aure ba, Baba ya yanka mini gonata a bakin fadama. Wata safiya na tara shara na cinna mata wuta, ina jingine da manjagara, sai na ga inuwa tana ta giftawa a ƙasa. Na ɗaga kai.

Tsuntsaye ne, manya, siffarsu ta shamuwa amma sun fi ta girma nesa ba kusa ba. Farare tas, bakin fiffike baƙi, baki da ƙafafu ja kamar an tsoma su a manja. Suka yi ta sauka har fadamar ta koma kamar an shanya fararen riguna. Suna tafiya a natse suna tsintar farar da wuta ta koro, ko kuka babu. Na durƙusa bayan wata sabara, ban san lokacin da na fara tasbihi ba.

Da rana ta yi zafi suka tashi. Abin da har yau nake gani ke nan in na rufe ido. Ba su kaɗa fiffike ba sai kaɗan. Shimfiɗa shi kawai suka yi, suna zagaye, suna hawa, wasu bisa wasu, kamar guguwa mai hankali. Suka yi sama har suka zama kamar ƙwayar gero, sannan suka miƙa arewa.

Ɗaya ce ta rage. Tana ta gudu tana jan fiffiken hagu a toka. Na lulluɓe ta da rigata, ta sare ni a hannu, na kai ta gida.

Matata ce ta fara ganin zoben. Tana riƙe da ƙafafun ina ɗaure fiffiken da tsumma, sai ta saki ta ja da baya.

"Malam, wannan mai ita gare ta. Dubi ƙafarta."

Ƙarfe ne fari, siriri, da rubutun boko a jiki. Kafin la'asar zaure ya cika. Wasu suka ce tsuntsuwar aljanu ce, a mayar da ita inda aka ɗauko. Baba ya juya zoben da yatsa ya daɗe yana kallo.

"Aljani ba ya buƙatar maƙeri," in ji shi. "Ku ba ta ruwa."

Ranar kasuwar Ajingi na je na nemo malamin dabbobi, wanda ke zagayen yi wa shanu allura. Ya biyo ni a kan kekensa, ya gaida Baba, ya tsuguna ya karanta lambar da ke jikin zoben.

"Baba, wannan daga ƙasar Turawa take. Baturen likitan da muke aiki da shi ya taɓa gaya mana. Can a kan rufin gidaje suke sheƙa. Tun suna 'yan tsaki ake hawa a sa musu zobe, don a san inda suke zuwa."

"Ina ce akwai teku tsakaninmu da su?"

"Akwai teku, akwai hamada."

"Da wannan fiffiken?"

"Da shi, Baba. Kuma duk shekara, zuwa da komowa."

Baba ya juya ya dubi tsuntsuwar. A danginmu ana ba da labarin yadda kakanninmu suka taso daga Barno da raƙuma da guzuri, suka sha wuya kafin su iso nan, muna jin ba a taɓa tafiya irin tasu ba. Ga wata halitta a tsakar gidanmu tana tsaye da ƙafa ɗaya, ba guzuri, ba ɗan jagora, ta ninka tafiyarsu ban san sau nawa ba. Baba ya ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya nuna mata hanya." Malamin ya kwafi lambar ya ce zai kai wa likita. Baba kuma ya sa shi ya zana masa lambar a bango, ƙarƙashin ranar saukar shamuwar bana, shi kuma ya rubuta ranar a gefe da hannunsa. Ba mu sake jin komai daga wajen Turawan ba.

Fiffiken bai warke da wuri ba, sai ta yi damina tare da mu. Matata ce ke kamo mata fara da kwaɗi, har ta saba, tana bin ta bakin rijiya. Shamuwoyin tsamiya suka yi ƙwai, suka ƙyanƙyashe, suka tafi, tana nan. Ta fara hawa kan rumbu, daga baya ta riƙa zuwa fadama ta dawo da yamma.

Ina gona muna cirar gyaɗa ranar da ta tafi. Matata ta ce tana sussuka sai ta ga wasu farare can sama suna zagaye, tamu ta karkata kai ta dube su, ta yi ɗan gudu a tsakar gida ta tashi. Ta ce ta bi ta da ido har wuyanta ya ƙage, ta kasa gane wacece tamu a cikinsu. Daren nan tuwo bai samu ba, ɗumame muka ci.