Na warke daga ciwon ido, na tarar an naɗe ƙosai da littattafaina

Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Masu tambayar ko na mutu, ina nan da raina, kuma yau da fushi na zo.

Abin ya fara ne ina karatu a tsakar gida a Yendi, sai na ga layuka kamar an shafa musu man kaɗe. Na goge tabarau har na gaji. Kafin azumi, fuskar 'yata ma sai ta matso nake gane ta.

Tsoro ya kama ni. Malamar makaranta ce ni, idan ido ya tafi me ya rage?

Yayana Alhassan, da yake koyar da karatun allo a zaurenmu, bai jira likita ba. Ya ce, "Rabi, waɗannan littattafan turawa ne suka ci idonki. Mun faɗa miki tun tuni."

A asibitin Tamale aka ɗebi jini, aka ɗiga mini magani mai yaji, aka haska idon. Likita ya ce, "Madam, yanar ido ce, ciwon suga ya kawo ta. Karatu ba ya makantar da mutum." Aka yi wata huɗu ana saukar da sugan kafin a taɓa ni da wuƙa. Aka yi wa ido ɗaya aiki, bayan sati shida aka yi wa ɗayan.

Ina can, Yaya ya shiga ɗakina wai zai raba ni da cuta. A gidanmu takarda mai rubutun Larabci ba ta taɓa ƙasa, don haka waɗannan ya naɗe su a ƙyalle ya ɗora kan sif. Duk mai baƙin boko kuwa, tsoho da sabo, ya loda wa mai ƙosan bakin tasha. Har da tsohon littafin fataken goro na Salaga da Baba ya bar mini, da sababbin da 'yan matan yanzu suke rubutawa, masu sa mutum ya manta da tukunya a wuta.

Ba wanda ya gaya mini.

Ranar da na dawo, Gwaggo ta zo dubiya da ƙosai mai zafi. Na buɗe takardar da aka naɗe shi, sai ga rubutun Baba a gefen shafi, mai ya jiƙa shi. Abin da sabon idona ya fara karantawa ke nan.

Na yi kuka, duk da likita ya hana.

Na gode wa Allah, da likitocin, da mijina da bai gaji da ɗiga mini magani ba.

Ku je a auna muku suga kafin ido ya dushe. Ku karanta littafi mai kyau, na da da na yanzu, tun kuna gani. Idan za a kwantar da ku, ku kulle ɗakinku ku tafi da makulli.

Yaya, na san matarka za ta karanta maka wannan. Shafin yana nan, na busar da shi, kuma ban yafe ba tukuna.