Injiniya da Bututun Kiran Ruwa

Ɗan baffanmu, wanda duk unguwa ke kira Injiniya, gyaran fanka ne sana'arsa. Shagonsa kuwa, idan ka shiga sai ka fito waje kafin ka iya juyawa. Fankar da ta zo hannunsa tana kuka, takan koma gida tana kuka da tari. Amma kada ka kuskura ka ce masa mai gyaran fanka. Shi iska yake gyarawa.

Wata shekara damina ta yi jinkiri, sai ya gani a waya wai akwai wani ƙarfi a sararin sama da ake jawowa da bututun tagulla, girgije ya biyo shi. Ya tattaro bututun matattun firji, ya ɗaure su da waya, ya tsoma gindinsu cikin durom ɗin matarsa, ya saita bakinsu sama kamar zai harbo jirgi.

Matarsa ta ce, "Baban yara, durom ɗina fa?"

Ya ce, "Ke dai bari. Kwanan nan za ki rasa inda za ki zuba ruwa."

'Yan majalisar ƙofar shago suka samu abin yi. Kullum sai an ce, "Injiniya, a ɗan turo mana yayyafi mana, ko na gwaji." Ya yi ta haɗiyewa har ya rame. Abu ɗaya yake nema a duniya: mutum guda ya yarda na'urarsa tana aiki.

Sai ga ruwa. Ruwan da har kwaɗi suka nemi mafaka. Injiniya ya fito ba riga yana zaga unguwa yana dukan ƙirji: "Ni ne! Kun gani? Ni ne!"

Ashe maƙwabcinsa mai bulo ya shanya ɗanyen bulo cike da fili, duk ya narke ya koma taɓo. Da safe sai ga shi da shebur a kafaɗa, 'yan majalisa na biye.

Mai bulo ya ce, "Maƙwabci, magana ɗaya ce. In bututunka shirme ne, faɗa a gaban jama'a, in ɗauki ƙaddara in tafi. In kuwa kai ka kawo ruwan, ga shebur."

Matarsa ta leƙo ta bayan labule tana raɗa: "Ka ce shirme ne! Abin da ko tsuntsu bai taɓa kora ba!"

Injiniya ya dubi shebur, ya dubi jama'a. Tun da yake, ba a taɓa zarginsa da abu mai daɗin wannan ba. Ya gyara murya.

"Laifina ne. Na ɗan murɗa na'urar fiye da kima."

Ya kwaɓa siminti har bayansa ya lanƙwashe kamar bututun nasa. Daga nan duk wanda rufinsa ya yi yoyo, ko shanyarsa ta jiƙe, ko akuyarsa ta yi atishawa, sai ya nufo gidan Injiniya. Shago ya zauna a kulle, shi yana kan tsani yana toshe kwanon mutane, yana murmushi.

Mai bulo ma tuni ya sallami leburansa, tunda ya samu na kyauta.

Da Injiniya ya ji labari, ya shigo gida dafe da ƙugu, fuska duk siminti, ya ce wa matarsa, "Kin gani ko? Mutumin nan ya yarda da ni ɗari bisa ɗari."