Mika'ilu Mai Caji, Wanda Ya Kawo Mana Aji a Kan Keke

Kafin hantsi ya dubi ludayi Mika'ilu ya buɗe rumfarsa, ya goge farantin sola da hannun riga, ya jera wayoyin mutane kowace da lambarta. Shekara goma sha shida ke nan yana haka a bakin kasuwar ƙauyenmu, gabas da Minjibir. Caji yake yi, yana kuma tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori. Yanzu idonsa ya fara gardama, ya ce bana zai rufe rumfa ya koma gona. Tun da na ji wannan magana na kasa zaune na kasa tsaye.

Shekarar korona aka rufe makarantu. Yara suka cika gari, mu iyaye muka rasa inda za mu sa kanmu. Yau a ce za a buɗe bayan salla, gobe a ce sai baba-ta-gani. 'Yata Raudatu tana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar fita na gabanta, kuma ba ta da buri sai kwalejin horon malamai ta Bici. Sai muka ji wai malamansu suna tura darasi ta waya. Mu kuwa sabis ba ya leƙo garinmu, wayoyin namu ma ƙanana ne masu madanni.

Ba wanda ya sa Mika'ilu. Kullum da sanyin safiya sai ya hau keke zuwa bakin titin Gezawa inda sabis ke kamawa, ya sauke muryoyin malaman a babbar wayarsa, ya dawo yana haki ya zuba su a memori. Da jan farce yake musu alama: ɗigo ɗaya na 'yan aji ɗaya, uku na 'yan ajin ƙarshe. Duk wanda ya zo a tura masa waƙa sai ya sha tambaya: "Ɗan naka aji nawa yake?" Inna Hure maƙwabciyata ta aika a sa mata wa'azi, ta kunna ta ji ana ta zuba Turanci. Ta yafa mayafi ta je da faɗanta. Ya ce, "Inna, wa'azinki na nan daga ƙasa. Na saman na jikanki ne, ki bari ya fara ji."

To ga inda na shigo, kuma ba shigar arziki ba ce. Damina ta kankama, ciyawa na neman cinye mini gyaɗa, raina a ɓace. Na dawo gida na tarar da Raudatu a gindin rumbu, waya a kunne, tana gyaɗa kai. A garinmu wanda ya manna memorin Mika'ilu a kunne waƙa yake ji, haka muka saba. Ban tambaya ba. Na fizge wayar na jefa aljihu, na ce daga gobe ita za ta riƙa kai wa 'yan noma abinci. Uwarta ta buɗe baki, na ce ta yi mini shiru. Kwana ashirin wayar na aljihuna.

Ran nan ina duƙe a kunya sai ga keken Mika'ilu ya tsaya a kan iyakar gona.

"Malam Zaharaddini, sannu da aiki. Memorin Raudatu bai dawo ba. Ko ba ta jin daɗi ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Makarantar waƙa ka buɗe mana, ni kuma na rufe."

Ya miƙo hannu, na ba shi wayar, ya danna. Muryar wani malami ta tashi a tsakiyar gona yana koyar da lissafi. Mika'ilu ya ce, "Yau darasi na goma sha takwas ake. Ita a na huɗu ta tsaya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mika'ilu, kai ne ka koma titi a ranar, cikin yayyafi, ka sake sauko mata da duk abin da ya wuce ta. Kai ne ka bi malamin lissafin har gidansu a Gezawa ka roƙi ya maimaita wuraren da suka shige mata duhu. Gatan 'ya'yan talakawa, mai rumfa ɗaya da ta isa gari.

Da sakamako ya fito, Raudatu ta ci komai ban da lissafi. Shekara guda ta zauna a gida tana kallon ƙawayenta suna shiga mota zuwa Bici. Da shekara ta zagayo ta sake, ta ci, yanzu ita ke koyar da 'yan aji huɗu a firamarenmu.

Allah ya saka maka da alheri, Mika'ilu, ya ba idonka lafiya. Masu sana'a, ku dubi abin da mutum ya yi da keke da kwalbar jan farce. Iyaye 'yan uwana, ku tambayi yaro kafin hannunku ya kai kansa. Mutanen gari har yau korona suke ɗora wa laifin shekarar da yarinyar nan ta rasa. Kai ka san wanda ya ci mata ita, kuma ba ka taɓa faɗa wa kowa ba. To yau na faɗa da bakina: ni ne.