Akwatin Yashin Dadda Bassu

"Ni ce buhu? Ni Ittu, da jikoki huɗu, ni za a ɗora a baya don taya ta kama ƙasa?"

Haka Ittu ta tare Muha direba ranar Litinin. Dusar ƙanƙara har gwiwa, mijinta Addi na jingine a kujerar gaban a-kori-kura, za a sauka da shi asibitin Azilal wankin ƙoda.

"Lalla Ittu, ki hau mana. Allah ya ba ki jiki, ki taimaka wa mota."

"Uwarka ma Allah ya ba ta. Ina akwatin Dadda Bassu?"

"Na yanke. Yana cin wurin lodin tuffa."

Ya yanke! Innalillahi. Aikin bawan Allah na shekara talatin da biyu.

Dadda Bassu bakanike ne. Ya yi Asuba, ya sha shayi da burodi da man zaitun, ya buɗe gareji. Da rani, ana masa dariya, shi yana rafi yana ɗibar yashi. Ya shanya a soro, ya gauraya da gishiri don kada sanyi ya mai da shi dutse, ya ɗinke a buhu. Duk motar da ke hawa dutsen nan zuwa ƙauyenmu sai ya yi mata waldar akwati daidai saman tayoyin baya, ba can wutsiya ba, inda gaba zai ɗaga. Ya jera buhunan yashin a ciki don nauyi, ya ƙara mata sifirin, ƙarfen da ke ɗaukar nauyin. In ta maƙale, a farke buhu ɗaya a zuba ƙarƙashin taya.

Kafin shi, mu mata ne nauyin. Maza a ciki, mu a waje. A haka ɗayarmu, Hadda, ta rasa yatsun ƙafa biyu. Ranar da ya gani, ya sauko da mu duka, ya ce wa direban, "Matar da ta haife ka ba dutse ba ce."

Kai ne ka sauko da mu, Dadda. Mai yashi, ba ka taɓa neman a gode ba. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna. Ku kuma samari, ko kunya! Bara kawai ya ajiye aiki, ba wanda ya je ya koya.

Ittu dai ta hau, don ba a ɗaga wankin ƙoda. Ta dawo ba ta jin ƙafafunta, sai da aka yi ta murza su. Ranar Alhamis kuma za a koma.

Jiya ta sami Dadda Bassu a bakin murhu, tsufa ya ci ƙarfin hannunsa, shayi na zuba.

"Dadda, ban ce ka riƙe walda ba. Zan jawo Muha da kunne, in kawo maka kujera da bargo. Ka zauna kawai, ka nuna masa da sanda. Za ka fito gobe?"