Oga Sylvanus da Obin Mai Agogo

Bango ɗaya ne tsakanin shagon ɗinkina a Tudun Wada da rumfar Oga Sylvanus mai gyaran murhun gas, don haka abin da zan faɗa a kansa ba a bakin wani na tsinta ba. Ya dawo kusa da ni bayan gobarar babbar kasuwar Jos, inda ya rasa komai in ban da jakar kayan aikinsa da bakinsa. A Kabong aka haife shi, mahaifinsa ya zo daga gabas tun zamanin haƙar kuza. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Gajere ne mai sanƙo, kuma Hausarsa irin ta cikin gari ce, kowa "ka" ne a wurinsa, mace da namiji.

Manyan matan garin nan ba sa sayen murhu mai tsada sai da shi, kuma masu kanti ba sa son ganinsa. Zai ɗaga ƙarafan da ake ɗora tukunya ya ji nauyinsu, ya saki ƙofar obin ya saurari yadda ta rufe. Sannan ya fito da burodi daga jaka, ya jera yanka-yanka a faranti, ya sa a kunna, don ya ga gefen da ya fi ƙonewa. In ya gama ya cinye burodin a tsaye.

"Madam, ku nawa ne a gida? Uku? To me za ka yi da murhu mai baki shida, otal za ka buɗe?"

Haka yake musu, kuma gobe su dawo. Sylvanus zai yi maka ƙarya a kan shekarunsa, zai ce ga shi nan a hanya alhali yana wanka, amma bai taɓa yaba wa murhun banza ba.

Akwai wata Gertrude a Anguwan Rukuba, ana kiranta Mama Onyi, mai yin kek na biki da na coci. Mijinta ya rasu, ni ke mata ɗinki. Ita ce ta yi gaban kanta ta sayo ƙaton obin na lantarki ɗan Beljiyam, da rubutun da ba mai iya karantawa, da ɗan agogo a goshinsa. Halin obin ɗin shi ne, da an ɗauke wuta an dawo da ita, agogon zai yi ta ƙifta ido, shi kuwa ya ƙi yin zafi. A lokacin wayar hannu ta shigo, sai Mama Onyi ta yi wa Sylvanus filashin, wato ta kira ta katse. Nan take zai watsar da aikin mutane, ya shigo shagona ya taje ɗan gashin da ya rage masa a madubina, ya tare acaɓa.

Ganin abin ya yi yawa, na tsare shi wata rana na ce wane irin gyara ne ba ya ƙarewa. Ya leƙa waje, ya rage murya. Ashe maɓalli biyu kawai ake dannawa a saita agogon, obin ya tashi. Shi kuwa sai ya kori kowa daga kicin, ya danna, sannan ya zauna yana ƙwanƙwasa bayan obin da sifana har ya ji ƙamshin shayi. Daga nan su zauna ita da shi, da gutsuren kek, ana hira.

Na ce, "Kai da ba ka ƙarya a kan murhu?"

"Ban taɓa ce masa ya lalace ba, Hassana. Cewa nake ya tsaya. Kuma ya tsaya."

"To tsoho da kai, ka buɗe baki ka ce kana sonta mana."

"Da wannan kan nawa? In ya ce a'a, shayin ma na rasa."

Haushi ya kama ni, amma na ƙyale shi. Wannan zaman shayin shi ne kaɗai abin da mutumin nan yake jira a duniya, kuma duk Jos shi ne kaɗai ke murna in an ɗauke wuta.

Ana haka 'yar Mama Onyi, Onyinyechi, wadda ke aikin jinya a Abuja, ta zo hutu ta ga kek ɗin amarya ya kwanta a obin saboda wuta. Ta ce an gama, sabo za ta saya, kuma Oga Sylvanus ne zai zaɓa. A kantin akwai guda biyu da suka dace. Ɗaya na lantarki ne mai ƙyalli, shi ma da agogonsa, kuma shi yarinyar ke so. Ɗayan murhun gas ne haɗe da obin, mai nauyi, ba kwalliya, ba ruwansa da wuta. Da zai ja bakinsa ya yi shiru, da an ɗauki mai agogo, ya ci gaba da zuwansa. Ya jera burodinsa. Mai ƙyallin ya ƙona gefe guda ya bar gefe guda fari. Ya ce min ya daɗe yana kallon burodin nan, ya kasa ci.

"Ɗauki na gas," ya ce mata. Shi ya haɗa shi da hannunsa, ya bi tiyon da kumfar sabulu, bai bar kafar da iska za ta fita ba.

Daga nan waya ta yi tsit. Makonni suka wuce. Kullum sai ya ce in yi masa filashin ya ga ko wayar ce ta mutu. Ya rame, ya koma faɗa da masu kawo gyara, in an ɗauke wuta sai ya yi tsaki ya juya baya. Na ji tausayinsa ƙwarai, ko da yake rabin abin shi ya ja wa kansa.

Ran nan da hantsi wayar ta yi ƙara sau ɗaya ta katse. Dama ina da ɗinkin matan zumunta da zan kai wa Mama Onyi, sai na bi shi. Muka tarar da Mama Onyi a tsaye ta naɗe hannu, ta ce sabon murhu ya ƙi kamawa, ko baki ɗaya. Sylvanus ya ɗaga murfin bakin farko, ya kai shi kusa da taga. Duk ƙananan kofofin da wuta ke fita an cushe su da kwaɓin fulawa, ɗaya bayan ɗaya, tsaf, har ya bushe. Ya ɗaga sauran, haka.

"Wa ya yi wannan?"

"Ina na sani? Wataƙila ɓera ne."

"Ɓera mai tsinken tsintsiya?" Jijiyar wuyansa ta tashi. "Mama Onyi, murhu irin wannan ba a yi masa haka. In kana so ya tsaya, ka rufe tukunyar gas kawai, ba ka taɓa baki ba."

"Rufe tukunya?" in ji ta. "Ka zo ka murɗa ka tafi? Ko maɓalli biyu na tsohon obin, da na iya dannawa tun watan farko, ya fi wannan ɗaukar lokaci."

Ni dai na duƙufa ina ninke kayan da na riga na ninke. Sylvanus ya zauna a ƙasa, ya ari allura a wurina, ya fara tsokale kofofin. Allurar ta ƙi shiga. Can, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce, "Mama Onyi, wane ne babba a danginku a nan Jos?"

"Yayana Ikechi, a Kabong," ta ce. "Yana gida ranar Lahadi bayan coci. Na riga na gaya masa kana zuwa."