Shekarar da Gwaggo ta sa zobe a tuwon cika-ciki

A gidanmu na Akwatia Line a Kumasi, Gwaggo, yayar mahaifinmu, ita ce mai dokar cika-ciki. Ta ce wanda bai ƙoshi ranar ba, yunwa za ta bi shi har shekara ta zagayo.

Shekarar da ƙanena ya zo hutu daga Ireland, ya yi mata dariya. Ya ce tsofaffin can ma haka suke: in sanyi ya kusa, sukan gasa burodi da zobe da kwabo da tsumma a ciki. Mai zobe zai yi aure, mai kwabo arziki, mai tsumma tsiya. Nufinsa ya nuna mata camfi camfi ne ko'ina.

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Ashe Turawa ma suna da ilimi."

Da ranar ta zo, ta cusa zobenta na azurfa da kwabo da ƙyallen atamfa cikin malmalar tuwo. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa, ya yi mana wa'azi kan bidi'a, sannan ya wanke hannu, wai zubar da abinci ya fi muni.

Ni na samu kwabon, na kusa rasa haƙori. Tsumman kuwa ya faɗa wa mai gidan da muke haya, dillalin katako a unguwar Anloga, wanda muka gayyata. Fuskarsa ta canza, muka fara tunanin inda za mu koma. Nan take Gwaggo ta ce a Kumasi fassarar daban ce, shagon atamfa zai buɗe. Ya ninke ƙyallen ya sa aljihu.

Zobe ya ƙi fitowa. Aka duba kwanuka, aka tona miya. Kawu, da ba ya tauna tuwo, ya fara shafa ciki.

"Yaya, babba ne?" ya tambayi Gwaggo a hankali.

Washegari na raka shi asibiti a trotro, motar haya. Likita ya ce a jira, zai fito da kansa. A layin jira Kawu ya haɗu da wata bazawara mai sayar da koko a Tafo, kafin azumi aka ɗaura musu aure.

Har yau Kawu yana cewa ƙaddara ce. Da ya kawo wa Gwaggo zoben a wanke cikin leda, ta ce ya kai wa amarya.